Ɗan Farin da Ban Ƙirga Ba

Lokacin da abin ya faru ni mace ce mai 'ya'ya uku a Madarumfa, ina sayar da soyayyen kifin tabki, maigidana kuma ya shekara bakwai yana aiki a Turai. Nakan yi alfahari da kunyata. Ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba, ko sunansa wani yaro ke da shi sai in ce mai sunan wancan. Tun da aka yaye shi yake wurin kakarsa a Gabi, kamar yadda aka saba.

Da maigida ya haɗa takardun ɗauko mu, aka kira ni ofishin jakadanci a Yamai. Matar da ke tambaya ta ce 'ya'yana nawa, tafinta kuwa dattijo ne, sa'an babana. A gabansa zan buɗe baki in ƙirga ɗan fari? Na sunkuyar da kai na ce biyu. Ta sake tambaya, na sake cewa biyu, har ina jin na yi abin kirki. Bayan wata huɗu takarda ta zo, an hana mu biza gaba ɗaya, wai maganata ta saɓa wa ta mijina da ya rubuta uku. Malamin lakwal, wato makarantar boko, ya karanta mini ita sau uku ban gane ba. Na yi ta tambayarsa waɗanne irin mutane ne ba su san kunya ba.

Maigida ya ɗauki lauya aka ɗaukaka ƙara. Shekara biyu ana aiko takardu ina dangwala hannu, yau a ce shaidar haihuwa, gobe a ce albashinsa bai kai na ciyar da mutum huɗu ba, ya kai na uku dai. Ya ƙara aikin Asabar da Lahadi don ya cike giɓin. Ranar da albashin ya kai, ɗan farin ya riga ya cika shekara sha takwas, aka ce ya fita daga lissafin yara. Aka ba mu biza, ni da ƙannensa biyu, daidai yadda na faɗa da bakina.

Shi ɗan farin ne ya ɗauko mana kaya a amalanke zuwa tasha. Bai yi mini ƙorafi ba, ya dai gaya wa kakarsa cewa ya ji an tambaye ni na ce biyu gare ni. Da mota za ta tashi na cije na kira sunansa. Bai waiwayo ba, don bai san sunan a muryata ba.

Har yau na kasa gane ko laifi na yi ko tarbiyya na bi, amma zuciyata ba ta daina ciwo ba. 'Yan'uwana mata, ku bar kunya a ƙofar ofis. In an tambaye ku 'ya'yanku, ku fara da na farin, ku faɗi sunansa da ƙarfi.