Yatsun Mai Soso

Ina tsaye a danja da fasinja huɗu a mota wayata ta yi ƙara. Babbar 'yar Mai Soso ce. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta ce, "Baffa, Baba ya cika." Danja ta ba da hannu, na baya suka dame ni da hon, ni kuwa ƙafata ta ƙi taka komai. Wata dattijuwa da ke zaune a gaba ta dubi fuskata, ta juya ta ce wa sauran, "Ku sauka mu nemi wata, bawan Allahn nan an yi masa rashi." Haka labarin rasuwar Mai Soso ya same ni, abokina na shekara ashirin da shida.

Wankin mota ne sana'arsa, a bayan tasharmu, kusa da famfo. Kayan aikinsa bokiti biyu ne, da soso, da tsumma, da wani tsohon buroshin haƙori. Yanar ido ta rufe masa gani tun da sauran ƙarfinsa. Yana ganin inuwar mota da launinta, amma ko rubutu ya kai girman ƙofa ba zai karanta ba. Sai Allah ya mayar masa da idon a yatsu. In ya shafa mota sau ɗaya, ya san inda aka taɓa yi mata ciko.

Buroshin nan na lamba ne kawai. Duk motar da aka kawo masa, lambar yake fara wankewa, gaba da baya. Yakan ce, "Wa ya taɓa yin wanka ya bar fuska?" Da yake lambobin bugawa ake yi a jikin ƙarfe har su taso, da yatsa yake bin su, kuma da su yake gaishe mu. Sai ka ji ya ce, "Shida takwas takwas, ina kwana?" Ni ke nan. Amma in ya so tsokana, Kunkuru yake ce mini, wai ko mai keke yana wuce ni a hanya.

Wannan ɗabi'a ta jawo masa baƙin jini. A lokacin, rabin direbobi ba sa son a ga lambarsu. Wani ya shafa mata baƙin mai ƙura ta bi ta kwanta, wani ya lanƙwasa ta, wani ya bi ta da fenti. Masu kula da hanya kuwa suna inuwa a bakin shataletale, in ka miƙa hannu an gaisa, ka wuce. Muddin akwai abu mai kama da lamba a gindin mota, babu mai sunkuyawa ya duba. Direba zai kawo mota ya ce, "Wanke ko'ina, ban da nan." Mai Soso sai ya jefa soso a bokiti ya ce, "To, kai ta gaba." Matarsa ta sha yi masa faɗa. "Malam, kai ne gwamnati?" Shi kuma ya ce, "A'a, ni ne mai soso."

Wata safiya wata tasi ta buge wata mata mai sharar titi kusa da shataletale, ta karya mata ƙafa, direban ya tsere. Waɗanda suka gani suka ce launin motar irin namu ne, ƙarshen lambar kuma shida takwas takwas. Aka duba rajista, sai ga sunana. Da tsakar rana aka zo har tasha aka tafi da ni, aka sa ni bayan kanta. Na rantse cewa a lokacin ina ƙofar gida ina fama da batir, amma ba ni da shaida sai matata. Aka ce in laifin ya tabbata, gidan yari ne, kuma ni da tuƙi har abada.

Da labari ya kai wa Mai Soso, dariya ya fara yi. "Kunkuru ya buge mutum ya gudu? Da wace ƙafar?" Amma da aka faɗa masa lambar, sai ya kife bokiti ya zauna a kai.

Abin da ya tuna shi ne, wata biyu baya wani direban wata tasha, wanda ake kira Guguwa, ya kawo masa mota. Ya bi lambar da yatsa ya ce, "Shida takwas uku, sannu da hanya." Mai faci da ke gefe ya kwashe da dariya ya ce, "Yau dai makaho ya sha ƙasa, takwas ce a ƙarshe." Mai Soso ya sake shafawa. Rabin lambar ya taso, ɗaya rabin kuwa sumul yake, fenti ne aka ja aka rufe bakin ukun. Kafin ya yi magana, Guguwa ya shige mota ya ja abarsa da kumfa a jiki.

Mai Soso ya ɗauki sandarsa ya nufi ofishin 'yan sanda. Na kan kanta ya saurare shi, ya kira abokan aikinsa su zo su sha dariya.

"Baba, yanzu makaho ne zai karanta mana lamba?"

"Ai masu idon sun karanta, ɗana. Ga shi kun kulle kunkuru da laifin gudu."

Suka ce ya tafi gida. Bai tafi ba. Kwana uku yana zuwa da sassafe ya zauna a benci, ba ya tashi sai an tashi aiki, motoci na jiransa a bakin famfo. Duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "Shida takwas uku, ranka ya daɗe." A rana ta uku wani tsohon saje ya gaji da shi. "Tashi mu je. Amma wallahi in ka ɓata mini lokaci, kai ma a ciki za ka kwana."

"Da na samu abokin hira," in ji Mai Soso.

Mai faci ne ya yi musu jagora zuwa ɗaya tashar. Suka tarar da motar Guguwa a layi tana lodi. Saje ya dubi lambar daga tsaye. Guguwa ya dafa ƙirji ya ce, "Yallaɓai, haka hukuma ta ba ni ita. Wannan tsohon ko tafin hannunsa ba ya gani." Mutane suka fara taruwa, Saje ya soma sosa ƙeya.

Mai Soso ya durƙusa a gindin motar ya ce, "Ranka ya daɗe, sunkuyo. Rufe idonka ka ba ni hannunka."

"In rufe ido?"

"Shi ya cuce ku tun farko."

Saje, da kakinsa da igiyoyinsa, ya tsuguna ya rufe ido. Mai Soso ya kama yatsansa ya ɗora a kan takwas ta tsakiya. "Zobe biyu, ka ji su?" Ya ce ya ji. Ya matsar da yatsan zuwa ta ƙarshe. Saje ya bi ta sau ɗaya, ya sake bi, sai ya buɗe ido ya ce, "A kawo fetur."

Mai Soso ya zaro buroshinsa daga aljihu, ya tsoma, ya goga sau huɗu ko biyar. Baƙin fenti ya zubo, uku ta fito fili kowa yana gani. Tashar ta kaure da ihu. Bai tsaya nan ba, ya lallaɓa zuwa gaban motar yana shafawa, ya ce, "Ga sabon ciko a hagu, ko bushewa bai gama ba." Ya zura yatsu ta bayan bamba, ya zaro tsinken tsintsiya guda biyu ya miƙa wa Saje. Guguwa ya fara ja da baya, direbobin tasharsu da kansu suka riƙe masa riga.

Da la'asar aka sake ni. Mai Soso yana bakin ƙofa, ya dogara da sanda. Ya ce, "Kunkuru, an ce ka koyi gudu." Na rungume shi ina kuka kamar ƙaramin yaro, shi kuma yana cewa in sake shi, ina warin bayan kanta.

Ba zan ce hanya ta gyaru gaba ɗaya ba. Amma daga ranar Saje ya sa yaransa su riƙa sunkuyawa suna shafa lamba a shataletale, har direbobi suka sa wa abin suna gaisuwar Mai Soso. A mako guda tsumma da fetur suka yi daraja a tasha, kowa na goge abin da ya shafa a ɓoye. Shugaban tasharmu ya kafa doka, mota ba ta shiga layi sai lambarta ta bi ta hannun Mai Soso. Waɗanda suka guje shi da, su ne suka dawo suna ce masa Baba. Mai sharar nan kuwa, da ta warke, kullum sai ta biyo da ɗingishinta ta share masa bakin famfo kafin ta wuce aiki.

A 'yan shekarun nan ƙarfi ya ƙare masa, ya bar wa wasu wankin jiki, shi dai yana kan bokitinsa da buroshi. Shekaranjiya da yamma na kai masa mota. Ya daɗe yana bin lambar da yatsa, fiye da yadda ya saba.

"Shida takwas takwas," ya ce. "Har yanzu kai ne."

"To wa zan zama, tsoho?"

"Ka riƙe ta haka. Gobe ka zo da wuri, ta bayan akwai laka."

Na ce, "Da wuri zan zo."

Ya yi dariya har da tari. "Kai ɗin? Kunkuru, in ka iso kafin azahar ma na gode."