Tumatir a Jakar Gwaggo

Ranar da Gwaggo ta cika shekara da rasuwa muka ɗora girkin sadaka. Na ɗauko sabuwar wuƙar da ɗana ya kawo daga Kano, mai ƙyalli kamar madubi, na ɗora kan tumatir. Matse shi ta yi, ruwan ya tsartu a rigata. Da aka zo kan nama, ƙotar roba ta biyo hannuna. Ga malamai a zaure suna jira.

Gwaggo ba ta zuwa wajen maƙeran kasuwar Daura sai da nunannen tumatir a jaka. Na taɓa raka ta. Maƙerin na ta yabon ƙarfensa cikin ƙaurin gawayi, ta ce, "Malam, tumatir ne alƙali." Ta ja wuƙarsa kan tumatir ɗin sau ɗaya, ta miƙa masa abinsa. "Wannan ai cokali ne."

Na ce a ɗauko baƙar wuƙarta. Ɗan nawa ya ce, "Ai Mama, na ba 'yan gwangwan, ta yi muni."

Tir! Da wuƙar aro muka yi mata sadaka. Allah ya haskaka kabarinki, Gwaggo, ya raba mu da ƙyalli marar kaifi.