Kunkunniya a Motar Bappayo

Bappayo mutumin Gamawa ne, ɗan makiyayi, wanda ya bar shanu ya kama sitiyari. Ya riƙe mota yadda ubansa ke riƙe saniya: yana yi mata magana, ba ya son baƙon hannu a jikinta. A cikin shekarun 1950 wani attajirin Azare ya ba shi babbar mota mai shan gas, ya shiga jigilar gyaɗa daga Katagum.

Direbobin lokacin an san su da dauɗa. Shi kuwa da farar riga yake hawa mota, da ita yake sauka, fara tas. A tasha ana cewa ko liman bai kai shi kashe sabulu ba.

Matarsa Dijatu ce ta fara lura. Wata shekara da kaka, ta ga ruwan wankinsa yana baƙi, wuyan rigar kamar an goge tukunya da shi. Da Bappayo ya duba cikin gaban motar, sai ya tarar kunkunniya ta kwanta a rufin, ta bi bayan kujera, har a kan layar da ya rataye. In ya fyace hanci, baƙi ne. Ciwon kai ya zama abokin tafiyarsa, ga wani barci mai nauyi da ke zuwa masa da rana tsaka.

Bappayo ya yi nazari, ya yanke hukunci cewa hayaƙin motocin gabansa ne ke shigo masa. Don haka ya rufe gilasai ruf, ya cusa tsumma a duk kafar da iska ke bi. Aiki ya yi kyau. Kunkunniyar ta ninka.

Makaniken tashar Azare shi ne Umara, Babarbare, kuma tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun na kakanni. Shekara da shekaru Umara na gaya wa Bappayo cewa motar nan ce ajalinsa, tunda Bafillace bai san komai ba sai bin wutsiyar saniya. Bappayo kan rama da cewa duk abin da Babarbare ya gyara sai an yi masa addu'a. A haka suke gaisawa kowace safiya.

Da aka kawo masa motar, Umara bai ɗauko sifana ba. Ya aika kasuwa aka yanko farin alawayyo, irin wanda ake yi wa mamaci sutura. Masu zaman tasha suka ga ana shimfiɗa shi a ƙarƙashin kujerar direba, suka matso kallo. Umara ya rufe ƙofa, ya tayar da inji, ya bar shi yana ruri. Da ya janyo ƙyallen, wani baƙin layi ya fito a jikinsa, miƙe, daidai tsagar katakon ƙasa. Ya shiga ƙarƙashi ya shafa salansa, bututun hayaƙin motar, ya samu ta tsage daidai ƙasan inda Bappayo ke zama.

Ya fito bai yi dariya ba. Ya ce hayaƙin daga ciki yake, sabuwar salansa sai Kano. Zai naɗe tsagar da gwangwani da waya, amma ba za ta riƙe ba.

"Bappayo, cire tsummokaran nan, ka bar gilas a buɗe. In ba haka ba motar nan za ta kashe ka."

"Yau ma? Ai bara ma ta kashe ni," in ji Bappayo. "Babarbare, ɗaure gwangwaninka ka ba ni hanya."

Tasha ta kwashe da dariya. Umara ya rantse da Allah, aka ce wasan yau ya yi armashi. Ya je wajen mai motar ya ce a sayo salansa, mai motar ya ce sai bayan kaka.

Batirin motar ya daɗe da rauni, in ta mutu sai an tara ƙarti sun tura, saboda haka Bappayo ba ya kashe ta a hanya. Ranar wata kasuwa ya iso mashigin kogin Katagum da hantsi, ya tarar jirgin fito yana wancan ƙetare. Ya tsaya jira, inji na aiki, gilasai a rufe. Gidaɗo mai fito ya ƙetaro, ya yi ta ɗaga masa hannu ya matso, motar ba ta motsa ba. Ya leƙa ya ga direba ya kifa kai a sitiyari. Da farko ya ƙyale shi, don ba a tashin babba daga barci haka kawai. Sai da masu jaki suka fara gunaguni ya buɗe ƙofa, warin ya buge shi ya ja da baya.

Sun fito da shi da sauran numfashi, suka kwantar da shi a kan yashi suna yayyafa masa ruwa. Ya rayu. Amma hannunsa na dama bai daina rawa ba, kuma yakan fara magana ya manta ƙarshenta. Bai sake tuƙi ba. Umara ya kafa masa teburin goro a bakin rumfarsa, ya kuma daina yi masa wasa, abin da Bappayo ya ɗauka gaba ce, yana ta tambayar mutane laifin da ya yi wa Babarbaren.

Motar kuwa aka ba wani direba, Ya'u, a makon. Kaka ba ta ƙare ba, salansa ba ta zo ba. Kowace safiya takan wuce gaban rumfar, Umara ya ajiye abin da ke hannunsa ya bi gilasanta da kallo. Sanyi ya fara shigowa, lokacin rufe gilasai.