Kwamfuta Mai Hanƙuri

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba na jin zan manta da ranar da aka yi mini dariya a wani shagon kwamfuta a Birnin Kebbi, da abin da ya biyo bayan dariyar.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Argungu, ga miji ga yara, sai na samu gurbin karatun digiri irin na daga gida, wanda darasi da jarrabawa duk ta kwamfuta ake yinsu. Baba ne ya ɗauki nauyin sayenta da ya sayar da shinkafar rani. Na san sarai ba za a sayi ta biyu ba. In wadda na ɗauko ta mutu, karatuna ya bi ta. Da na je yi masa sallama, na same shi tsugune yana wanke injinsa na ban ruwa. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ni ban san wagga aba ba, ɗiyata. Amma kak ki biye ma ƙyalli. Ki sawo mai hanƙuri." Haka yake cewa a kan komai, tun daga jaki har miji.

A shagon, mai sayarwa ya fito mini da wata siririya mai ruwan azurfa, sabuwa fil, ga sauƙin kuɗi. Ya yi ta jero mini lambobinta, ni kuwa ba abin da nake gani sai kaina riƙe da ita a ofishin malamai. Gaskiya raina ya biya. Har na kai hannu jaka, sai maganar Baba ta faɗo mini, na ce, "To, tana da haƙuri?"

Mutumin nan ya yi dariya har da dafa tebur. "Hajiya, kwamfuta kika biɗa ko suruka?"

Ni kuma a gidanmu an san ni, ba a taɓa ni in yi shiru. Na ce, "Tunda ta yi maka, sai ka kai mata sadaki." Na fice ina huci, kunya da haushi sun cika ni.

Gidan yayata na nufa a unguwar Nasarawa. Can na tarar da maƙwabciyarta, wata 'yar Filato mai shagon buga takardu, na zazzage musu labari. Yayata ta tuntsire da dariya, amma matar ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Ƙanwata, tambayarki daidai ce, wurin ne kika kuskure. Mai sayarwa ba ya cewa kayansa ba kyau. Mai gyara ake tambaya." Ta rufe shagonta da rana tsaka ta ja ni wurin wanda yake yi mata gyara, ta ce masa, "Gaya mata wace iri ce ba ka cika gani a teburinka ba."

Ya nuna mana tarin sirara a lungu, har da irin wadda ta sace mini zuciya. "Waɗanga zahin garinmu ka kashe su," in ji shi. Ya ce in duba mai wadatattun ƙofofin shan iska, wadda batirinta yake daɗewa kuma ana samunsa a nan, sannan kada in fito ba takardar garanti. Da yamma na sayi wata baƙa mai kauri a wani shagon, ta fi waccan tsada, ba ta kai ta kyau ba. Maigidana na ganinta ya ce, "Wanga dutsen niƙa fa?"

Sai da bazara ta zagayo na san abin da na saya. Ranar babbar jarrabawarmu tun safe aka ɗauke wuta, ga zafin Argungu wanda ko bango ka dafa sai ka janye hannu. Dokar kuwa ita ce in kwamfutarka ta mutu kana tsaka da rubutu, sai baɗi. Na zauna a tabarma gumi yana ɗiga daga haɓata, ita kuma tana ta huro iska mai zafi ta gefe. Saura tambaya ta ƙarshe alamar batiri ta yi ja. Tsoro ya kama ni sosai. Ban san sanda na sunkuya na ce mata, "Yi hanƙuri, 'yar uwa, saura kaɗan" ba. Ta kuwa yi. Na tura amsoshina, aka nuna sun shiga, na rungume dutsen niƙana na fashe da kuka.

Da la'asar na tafi fadama wurin Baba. Ya kashe inji ya dube ni.

"Ta yi hanƙurin?"

"Ta yi, Baba."

"Madalla. Saura ke ki koya gare ta."

Da ita na gama digirin, yanzu kuma babbar 'yata ce take koyon rubutu a kanta. Tun daga ranar, duk abin da zan saya ba na fara tambayar kyansa. Ina tambayar yadda zai yi da ni ran da wuta ta ɗauke, kuma wanda ya ga irinsa a lalace nake tambaya.