Babur ɗin Baba da ya ƙi shiga giya ta biyu

Shekarun baya, ba a jima da ba mu jihar Kebbi ba, yayata ta haihu a Wara. Inna ta ce ba motar da za ta shiga zuwa suna, babur ɗin Baba ne zai kai ta. Tun rasuwarsa babur ɗin yana wurin kawuna a tsallaken ruwa, ita kuma ba ta ƙara hawa bayan kowa ba. Na bugi ƙirji na ce an gama.

Na je na ɗauko shi a jirgin ruwa, muka kwantar da shi tsakanin buhunan gero har Yelwa. Bugu ɗaya ya tashi, kai ka ce jiya aka ajiye shi. Amma ina sa giya ta ɗaya sai feda ta maƙale, ta ƙi dawowa, ta biyu kuwa ko da dutse.

Lokacin ina ji da kaina, don na taɓa yin wata uku a garejin abokina. Na gyara wayar kuloci, shiru. Na zubar da mai, na buɗe giyabos, na jera kayan cikinsa a farantin tuwon Inna. Haƙoran giya lafiya, sifirin da ke mayar da feda bai karye ba. Na mayar na ɗaure, jiya i yau. Sau uku ina wannan aiki, suna saura kwana biyu, Inna har ta goge zanenta.

Ina zaune ina hararar babur sai ga tsohon da ya tuƙo mu a jirgin, ya kawo wa maƙwabcinmu kifi. Ya tsaya ya dube ni.

"Ta wane gehe munka kwantar da shi cikin jirgi?"

Na ce ta gefen giya.

"To ai kai ka zamna bisa nai tun daga can har gaɓa, kana cin rake."

Na zare sandar da fedar ke kai, na ciro gilashin taga na shimfiɗa, na mirgina ta a kai. Tana tafiya tana ɗingishi. Ashe nauyina ne ya lanƙwasa ta, shi ya sa take cijewa a raminta. Maƙeri ya miƙe ta a hankali, yana bugu yana yi mini dariya.

Ranar suna Inna ta zauna a karkace, ta riƙe ƙarfen baya. Da muka fita gari na taka, giya ta biyu ta shiga ƙwas, ta uku ta bi ta. Sai na ji ta saki ƙarfen ta dafa kafaɗata.

"Haka babanka ka yi," in ji ta, "shi ma sai ya yi gyaran murya kahin ya canza."

Ban ma san ina yi ba. Tana ta dariya har muka yi nisa, ni kuwa ina share ido ina cewa iska ce.

Tun daga nan, in abu ya lalace a hannuna, kafin in ɗauki sifana nakan tambayi kaina inda na zauna. Gyaran muryar kuma har yau ban daina ba.