Sanarwar da Ba Ta Kai Tunuga Ba

Lokacin da soja ke riƙe da mulki, gidajen rediyo biyu ne a garinmu na Gaya, ni kuwa a ƙaramin nake. Aikina karanta sanarwa: rasuwa, suna, ɓatan saniya. Ba yabon kai ba, na iya aikin. In na karanta da Hausa sai in maimaita da Dandanci, harshen mutanen bakin kogi, a hankali, yadda tsoho zai kama sunan mamaci da na ubansa. Masuntan Tunuga da na tungayen bakin kogi su ne mutanenmu. Cikin leda suke ɗaure rediyo a jikin jirgi, da ita suke sanin wanda ya rasu a tudu, su naɗe taru su tafi jana'iza.

Sai na'urarmu ta watsa shiri ta ƙone, aka haɗe mu da babban gidan. Hukumar da ke kula da gidajen rediyo a Yamai ta yarda, bisa sharaɗin duk wanda ke jin ɗayanmu a da ya ci gaba da ji. Muka koma zangon babban gidan, aka sauke antan ɗinmu, wato eriyarmu mai fuskantar kogi. Nasu kasuwa yake kallo da hanyar Doso. Darektan babban gidan ya riƙa bugun ƙirji wai yanzu har Bengu ana jin mu tangaram. Gaskiya ne, amma ba wanda ya tuna da na cikin ruwa.

Wata ranar kasuwa wani tsohon masunci daga Tunuga ya shigo mana da rediyonsa a hammata. Ya dire ta a kan tebur, ya dube ni.

"Ɗiyata, ke ce mai faɗin mutuwa?"

Na ce ni ce, Baba.

"Ƙanwata ta rasu nan Gaya. An ce kin faɗa. Ni ina cikin ruwa, kiɗan mutanen Binin nike ji. Sai da anka yi sadakar uku na samu labari." Ya buga rediyon da yatsa. "Wagga lafiyarta lau, pil ɗinta sabo, batir ɗin bai mutu ba. Ku ne kunka bar mu."

Raina ya ɓaci ƙwarai, domin da bakina na karanta sanarwar nan, har na maimaita. Ashe iska nake yi wa magana. Na kai shi wajen darekta. Darekta ya ce rediyon masunta duk tsofaffi ne, ruwa ya cinye su. Da tsohon ya fita sai ya rage murya ya ce in rufa mana asiri, zamanin soja ne, in Yamai ta ji ana rigima sai ta rufe gidan kowa ya huta. Na ce masa ranka ya daɗe, rediyon da ba ta kai labarin mutuwa ai ta riga ta rufe kanta. Ni na nuna wa tsohon hanyar kai ƙara, kuma ban ɓoye ba.

Hukumar ta aiko mai bincike, wani siririn mutum marar yawan magana, da soja guda yana rakiyarsa. Ya zaunar da mu duka, ya saurari darekta har ya ƙare, ya saurari tsohon. Darekta ya ce a je ƙofar ofishin magajin garin Tunuga a auna, a gani. Mai binciken ya juya wajen tsohon.

"Baba, a ina kuke sauraro?"

"Cikin jirgi mana. Wa ke kamun kifi a ƙofar biron magajin gari?"

Washegari da hantsi muka isa Tunuga. A tudu na'urar awon mai binciken ta nuna muna nan, da rauni dai, amma muna nan. Darekta ya fara murmushi. Mai binciken ya naɗe ƙafar wandonsa ya shiga jirgi. Sojan ma dole ya bi, ya ƙanƙame gefen jirgin da hannu biyu, bindiga a cinya, masunta na ta kawar da kai kada ya ga dariyarsu. Da muka kai tsakiyar ruwa, daidai lokacin da abokin aikina ke karanta sanarwa a Gaya, tsohon ya kunna rediyonsa. Kiɗa ya tashi daga wata tashar tsallake mai zango kusa da namu, ya danne mu ɗungurum. Mai binciken ya kunna tasa sabuwa fil. Kiɗan dai ne.

A nan cikin jirgi ya gaya wa darekta abin da zai kai Yamai: sharaɗin haɗewa bai cika ba. Ko a mayar da antan mai fuskantar kogi a kan tsohon zangonmu, ko a janye izini. Bai yi tsawa ba, bai kuma rufe kowa ba. Kafin ruwa ya cika aka ɗora antan. Darekta ya daina amsa gaisuwata na wani lokaci, ban kuwa rame ba.

Bayan girbin shinkafa aka kawo mini sanarwar rasuwa daga Tunuga. Tun daga sunan uban na gane tsohon nan ne, sunan da na karanta a sanarwar ƙanwarsa. Na sha ruwa, na zauna gaban makirho, na karanta da Hausa, na maimaita da Dandanci, ban yi tuntuɓe ba. Daga nan na hau kabu-kabu na tafi.

Ko da na isa, babu wurin ɗaure jirgi a mashaya. Wasu sun zo da jiƙaƙƙen taru, ba su ko tsaya sauke kifi ba. Na tambayi wani daga tunga mai nisa wa ya gaya masa. Ya nuna ledar da ke ɗaure a jirginsa ya ce, "Matar rediyo ta faɗa."