Kakata da Kaset na Biyu

Shekaranjiya, a hanyata ta dawowa daga makarantar da nake koyarwa, na ga batura jere a kan katangar wani gida, an shanya su a rana. Na tsaya ina kallonsu kamar na ga ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya. In kai ɗan zamanin caji ne, bari in gaya maka, a wurinmu batir ba ya mutuwa sau ɗaya. In ya yi sanyi a shanya shi, in ya ƙi a bubbuga shi da dutse, sai ya ƙara ba da waƙa ɗaya ko biyu. A gidanmu na Kafanchan tagar ɗakin Kawu ba ta rabuwa da batura, saboda rikodarsa ba ta san hutu ba.

Kawu shi ne autan Kaka, ƙanen mahaifiyata. A hannun Kaka na tashi, don iyayena suna Kwoi wajen aiki, saboda haka mu uku ne a gidan. Kawu gyaran inji yake yi a reluwe, lokacin da jirgin ƙasa ke da rai, ran Lahadi kuma shi ke kaɗa gitar lantarki ta majami'armu. Gitar ta ikilisiya ce, a akwati take kwana a ofishin fasto, amma duk garin an san hannun da take jin maganarsa.

Wani abokinsa mai duba tikiti a jirgin Legas ne ya fara kawo masa kaset ɗin wasu Turawa. A jikin kwalin ga ƙarti sun jeru, gashi har kafaɗa an tsefe shi ya tashi sama, ido raɗau da kwalli, leɓe da jan baki, wando matsattse mai ƙyalli. Kaka ta juya kwalin, ta sake juyawa, ta ce, "'Yan matan nan ba su da iyaye ne?" Da Kawu ya gaya mata maza ne, sai ta ajiye kwalin a hankali ta je ta wanke hannu. Kiɗan da ke ciki kuwa gudu ne da ihu daga farko har ƙarshe. Kaka ta raɗa masa suna faɗan maƙera, in an kunna sai ta ɗauki kujerarta ta koma bayan kicin. Daga nan Kawu ya daina zuwa wurin aski, ran Lahadi ya tura gashin cikin hula.

Sai labari ya zo cewa Turawan sun fitar da na biyu. Kawu ya yi ta sintiri a tasha har mai tikitin ya fara ɓoye masa. Da tsakiyar damina kaset ɗin ya iso, abokansa suka taru a gindin mangwaron gidanmu, aka kunna, aka kuma soma gardama tun kafin a juya shi. Wasu suka ce mutanen sun yi laushi, sun ci sun ƙoshi, na farkon ya fi wuta. Kawu kuwa kunnensa na jikin sifika.

Ni ko a lokacin na ji bambancin, ko da yake ban iya faɗarsa ba. Gangar ta rage gudu ta ƙara nauyi, kamar mata biyu suna daka a turmi ɗaya ba mai gaggawa. Gita biyu ne, ɗaya ta yi magana ɗaya ta amsa. In aka zo amshi kuwa duka ƙartin ke haɗa murya, sama da ƙasa, irin yadda mawaƙan majami'armu ke yi, har yaron da bai san Turanci ba zai iya bi. Na farkon in ya ƙare shi ke nan ya ƙare. Wannan kuwa sai ka tsinci kanka kana rera shi a bakin famfo ba ka sani ba.

A gefe na biyu akwai wata waƙa mai sanyi. Da gita ɗaya take farawa, a hankali, muryar mutumin tana rawa kamar zai fasa. Can a tsakiya sai ya yi shiru gaba ɗaya ya bar wa gitar wuri, ita kuma ta ja sauti ɗaya sama, ta riƙe shi, ta girgiza shi, ta sauko da shi da ƙyar. Wata rana da yamma ana ruwa, ba halin komawa bayan kicin, Kaka tana tsince acca a faranti a bakin ƙofa, waƙar nan ta zo. Na ga hannunta ya tsaya.

"Auta, mayar da shi baya," in ji ta.

Ya mayar. Da ta ƙare ta ce, "Wannan mutum an yi mishi rasuwa."

Kawu ya yi dariya ya ce, "Mama, budurwa ce kawai ta bar shi."

"Duk ɗaya ne. Wanda ya tafi ya tafi."

Kakana ya rasu tun ina goye, kuma ban taɓa ganin hawayen Kaka a kansa ba. Ranar nan na gani. Ta share da bakin zane ta ce hayaƙin kicin ne, alhali ko wuta ba a hura ba.

Kaka babba ce a zumuntar matan majami'armu, ita ke ba da waƙa su amsa. Ba a daɗe ba ta ɗora wa wannan sauti kalmomin Hausa, na tafiya gida wurin Ubangiji, ta kai wa matan. Da suka tambaye ta inda ta samo, ta ce a hanya ta tsinta. Ta koya musu da tulu da caki, sai dai in an zo tsakiya takan ɗaga hannu kowa ya yi shiru, tulu kaɗai ke bugawa, har sai ta sauke hannun. Matan suka ce wannan shirun fa na mene ne? Ta ce wurin yana da mai shi. A gida kuma, a gabana, ta gaya wa Kawu, "Ranar da za a kai ni, kai za ka cika wurin nan da gita. Ba na son wani abu kuma." Ya ce ta daina irin wannan magana. Ta ce ya dai amsa, ya amsa.

Ƙuruciya ba ta jin birki. A sujadar godiya ta kaka, majami'a cike da doya da dawa da buhunan citta, Kawu ya ji daɗi ya wuce gona da iri. Ana tsakiyar waƙa ya saki irin gudun nan na Turawansa, ya durƙusa, hula ta faɗi, gashi ya zubo. Matasa suka ɗauki ihu. Dattawa kuwa suka ɗaure fuska, kuma shugabansu ƙanen Kaka ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Baba Dattijo. Bai taɓa sauraron kaset ɗin ba, amma ya taɓa ganin kwalin a gidanmu, wannan ya ishe shi. Aka sa Kawu a horo: ya koma bencin baya, ba ya cin jibin Ubangiji, ba ya taɓa kayan kiɗa, sai ya aske kansa, ya kawo kaset-kaset ɗin, ya tsaya gaban ikilisiya ya tuba. Kawu ya ce ko a mafarki. Taurin kai ne na gado, shi da Baba Dattijo ba mai gaya wa wani.

Haka aka wuce rani. Da damina ta sake zagayowa Kaka ta kwanta, ƙafafunta suka kumbura, abinci ya daina shiga. Ba ta taɓa tuna wa Kawu alkawari ba, kallonsa kawai take yi in ya shigo. Wata Asabar ya fita, ya dawo kai ƙwal, har na kasa gane shi daga nesa. Washegari ya tsaya gaban jama'a ya miƙa kaset ɗin biyu, aka fasa su a bakin majami'a, zaren ya warware a cikin taɓo. Ni dai na yi murna, a zatona magana ta ƙare.

Ashe da sauranta. Dattawa suka ce sun karɓi tubansa, amma ƙa'ida ita ce a lura da mutum tukuna, sai bayan Kirsimeti za a mayar da shi. Kaka ba ta kai ko girbin gyaɗa ba ta rasu.

Kawu ya je wurin Baba Dattijo, ina biye da shi da ƙwaryar kunun da aka aike ni in kai. Ya durƙusa ya ce waƙa ɗaya tak yake roƙo, daga nan a ƙara masa horon yadda aka ga dama. Tsohon idonsa jawur, don shi ma yayarsa ce. Ya ce, "In na ɗaga maka don kai ɗan yayata ne, gobe da wane baki zan yi wa ɗan wani magana? Kuma ka ji da kyau, in ka aro gita ka kawo bakin kabari, fasto zai rufe littafi ya tafi." Gaba kura, baya siyaki. Ko dai ya cika alkawari a binne uwarsa ba addu'ar fasto, ko ya yi shiru a binne ta da mutunci. Kawu ya tashi ya karkaɗe gwiwarsa.

A ƙauyenmu kusa da Madakiya aka binne ta, a bayan gida, ƙasa jiƙe, masara ta fi mutum tsayi. Matan zumunta suka zo da kayansu iri ɗaya, suka kewaye kabarin, suka ɗauki waƙar Kaka. Baba Dattijo yana bi da baki yana kuka, bai san daga inda waƙar ta fito ba, kuma har ya mutu ba wanda ya gaya masa. Da aka zo tsakiya, matan suka yi shiru kamar yadda ta koya musu. Tulu yana bugawa, yana bugawa. Ba mai ɗaga hannu, ba mai saukewa, saboda haka shirun ya yi tsawo fiye da kullum. Na waiwaya na ga Kawu can baya, kai ba gashi, yatsunsa na hagu suna motsi a jikin wandonsa. Ban taɓa jin abin da ya karya mini zuciya kamar wannan shirun ba, kuma na binne mutane da yawa tun daga lokacin.

Bayan Kirsimeti aka ɗaga horon, fasto da kansa ya miƙa wa Kawu gitar. Ya yi godiya ya ce a ba yara.

Yau jirgi ya daina zuwa yadda yake zuwa, Kawu ya koma ƙauye yana noman citta, gashin da aka yi rigima a kansa ma ya zube da kansa. A majami'unmu kuwa samari masu kitso ne ke riƙe da kayan kiɗa, suna abin da ya ninka na Kawu, dattawa suna tafa musu. Ba na jin haushin yaran. Na daɗe ina jin haushin Baba Dattijo, yanzu da na girma tausayinsa ya fi yawa, ko da yake ban ce ya yi daidai ba.

Bara na samo wannan kaset na biyu a waya, duka waƙoƙin, ba wahala ko kaɗan. Na tarar da Kawu a tsakar gida yana tsaga citta zai shanya, na zauna kusa da shi na kunna mai sanyin. Ya saurara, wuƙa a hannu. Da mawaƙin ya yi shiru gitar za ta shigo, sai ya ce in kashe. Na kashe. Don in sanyaya masa rai na ce, "Kawu, ai an yi mata waƙarta, kuma an yi da kyau."

Ya dubi cittar da ke hannunsa. Ya ce, "Mama ba waƙa ta nema ba, 'yata. Ni ta ce in kaɗa."

Ya jawo kwandon kusa da shi ya ci gaba da tsagawa.